Ranar da Inna Ta Faɗi Sunan Yaya

Inna ba ta kiran yayana da sunansa. Ɗan fari ne, kuma a ƙauyenmu na ƙasar Kurfai uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu da shi. In ta dama fura sai ta miƙo mini ƙwarya ta ce, "Kai ma wancan," alhali ga shi nan zaune a ƙofar ɗaki. Ni kuwa bakina ba ya shiru, sai in ce, "Wane wancan, Inna? Wancan ai da yawa a duniya." Ta bi ni da ludayi.

Yaya ɗan kokowa ne, ƙato, ga sanyin hali kamar ruwan randa. Inna ba ta taɓa zuwa fili kallonsa ba. Amma duk ranar da ake sa kokowa a rediyo, sai aikin tsintar wake ya taso mata daidai gindin rediyon.

Wata shekara da kaka aka tara ƴan kokowa a Filinge don a zaɓi masu tafiya kokowar ƙasa. Yaya ya ji ciwo a kafaɗa, ya roƙi mai horar da su ya bar shi ya huta. Mutumin nan, Allah ya isa, ya ce ragwanci ne. Ya sa aka ɗaure shi a jikin itace cikin rana, ya dake shi da igiyar guga har kafaɗar ta goce. Da la'asar ya kawo shi gida a kan babur, muna gona, Inna kaɗai ke tsakar gida. Ya ce mata, "Na ɗan hore shi ne. Kada a kai shi likita. In an tambaya, babur ya kada shi."

Da Yaya ya ji sauƙi ya kai kuka wurin manyan da ke kula da kokowa. Suka ce sharri ya yi wa ubangidansa, suka hana shi shiga fili, gari ya ɗauka cewa maƙaryaci ne. Abokansa da aka yi abin a gabansu duk suka yi gum, kowa na tsoron a cire sunansa. Yaya ya daina fita, ko masallaci za shi sai ya sunkuyar da kai.

Nan ne wata lauya ta zo daga Yamai, daga wata ƙungiya mai tsaya wa ƴan wasa da aka zalunta. Matashiya ce siririya, da na gan ta na ce a raina, wannan ko iska ta kaɗa ta faɗi. Ashe ƙaramin goro ce, ta fi babban dutse. Ta kai Yaya aka ɗauki hoton ƙashi, ta shigar da ƙara, sannan ta ce saura shaida guda: wanda ya ji maganar mutumin da kunnensa.

Ta zauna gaban Inna ta ce, "Inna, ki ba ni labarin ɗanki." Inna ta juya baya ta ci gaba da tankaɗe. Lauya ta dube ni, ta zaci tsoro ne. Na ja ta gefe na ce, "Ɗan fari ne fa." Ta dafe kai. Ta san al'adar, ba ta dai zaci tana nan da ƙarfinta haka ba.

Washegari ta dawo, ta tuɓe takalmi, ta zauna ta taya Inna tsinkar zogale. Sai da suka kusa cika kwano ta ce, "Inna, ba zan tilasta miki ba. Amma gaskiya ɗaya ce. Alƙali zai tambaye ki wa aka kawo miki ran nan, kuma mene ne shi a wurinki. In ba ki faɗa ba, mai yiwuwa a tashi yadda aka zauna."

Inna ta ce, "Ɗiyata, uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Mi mutane za su ce?"

Ni fa nan na fashe. Na ce, "Mutane sun riga sun ce, Inna! Sun ce maƙaryaci kika haifa!" Ta dube ni kawai, idonta ya kaɗa. Yaya ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Ke, bar ta. In don ni ne, na haƙura." Wallahi wannan haƙurin nasa ya fi komai ƙona mini rai.

Ranar shari'a ba mu tambaye ta ba. Muna shirin shiga mota sai ga ta da zanenta na salla, ta hau ta zauna can baya, nesa da Yaya.

A kotu mutumin yana gefe da babbar riga yana kaɗa ƙafa. Aka kira Inna. Alƙali ya tambaye ta wa aka kawo mata. Ta sunkuyar da kai. Lauya ta matso ta tsaya kusa da ita. Sai Inna ta ɗaga kai ta faɗi sunan, a hankali, ta ƙara da cewa, "Ɗana ne. Shi na fara haihuwa." Daga nan magana ta ɓalle mata. Ta faɗi abin da mutumin ya ce, ta faɗi sawun igiya a bayan Yaya ɗaya bayan ɗaya. Mu da muke tsammani ba ta ko dube shi ba ranar da aka kawo shi.

Kafin a tashi hukunci ya fito, aka raba mutumin da horar da kowa, aka wanke Yaya. Kafaɗar dai ba ta koma daidai ba, bai sake kokowa ba.

A hanyar komawa gida ran nan, Inna tana can baya ta ja mayafi ta rufe fuska. Yaya na kusa da ni yana kallon karan gero ta taga, hawaye na bin gemunsa. Na zungure shi na ce, "Kai, ƙato da kuka? An fa yi nasara."

Ya sunkuyo yadda ba za ta ji ba, ya ce, "Ashe haka sunana yake a bakinta."