Wayar da Dogo ya ciwo wa Inna

Dogo gyaran waya yake yi a bakin kasuwa, a gefe kuma yana koya wa kansa haɗa manhaja. Da wani kamfanin waya ya ɗauki nauyin gasar masu manhaja, ya shiga, ya zo na ɗaya. Aka sa masa rigar kamfanin, aka miƙa masa waya ana tafi, wai kyauta ce. Ya kai wa innarsa.

Ashe romon baka ne. Wata na cika wayar ta kulle kanta, wai sai an biya kuɗinta.

"Ɗan nan, tasu ce ko tawa?" in ji Inna.

Dogo ya ja tsaki. Har yau hotonsa na kan allon tallar kamfanin yana washe baki, shi kuwa ya daina bin wannan titin.