Dodon Buhu Ya Fasa Mini Baki

Jama'a, yau na sha naushi saboda fim!

Da la'asar na shiga gidan kallo a Birnin Kudu. Ana haska fim ɗin dodo da 'yan Gwaram suka shirya daga wani littafin zane. Dodon ya fito, ashe buhun gawayi ne da ƙaho!

Na ce, "Wallahi ko akuya ba za ta tsorata ba."

Wani ƙato a gefena ya miƙe. "Malam, maimaita!"

Na maimaita. Sai naushi a baki! Masu yabo da masu kushe suka kaure, benci na tashi sama. Haƙorina ɗaya ya fita.

Mai gidan kallon ya janye ni waje, ya ce, "Kai ma da tsokana! Ai ƙaton da ya naushe ka shi ne a cikin buhun."