Wankin da Mma Ta Hana

Shekarar da babur ya kayar da ni a Aboabo, wuyan hannuna na dama ya karye, kowa a Tamale ya zama likita. Har mai waakye, mai sayar da shinkafa da wake ta bakin layinmu, da nata maganin. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni, don batakari nake ɗinkawa, rigar saƙin nan tamu, kuma da allurar hannu nake yi mata ado. Da wannan hannun nake ci da iyali.

Da aka cire filasta, yatsun suka fito a sandare kamar busasshiyar kuɓewa. Aka tura ni wajen mai gashin ƙashi a asibiti, wata 'yar kudu mai Hausar kasuwa. Ta lanƙwasa su har sai da na yi salati.

"Maigida, hannu ya yi barci," in ji ta. "Ka je gida ka wanke kaya, ka matse da ƙarfi. Kullum fa! In ka bari, shi ya tafi ke nan."

Washegari na ɗauki bokiti na zauna a tsakar gida. Wallahi ban gama matse ɗankwalin matata ba sai ga Mma, mahaifiyata, hannu a ka.

"Innalillahi! Ina raye? Da matarka a gida?" Ta fizge ɗankwalin. "An shanye mini yaro!"

Kafin la'asar labari ya kai Kukuo, unguwar danginmu. Kawuna ya taso da dattawa, aka zaunar da matata, baiwar Allah da ba ta ji ba ta gani ba, aka wanke ta tas. Na ce likita ce ta sa ni. Kawu ya ce, "Mace ce? To ai shi ke nan, bakinsu ɗaya."

Daga ranar aka shiga lallaɓa ni. Ko buta ba a bari in ɗauka. Tuwo a baki ake ba ni, ƙato da ni. Hannun ya sha man kaɗe, aka naɗe shi a zane. In na shige ɗaki da tsumma, Mma na bakin ƙofa tana jiran ƙarar ruwa. Takaici kamar ya kashe ni, amma wa zai ja da uwarsa?

Da na koma asibiti, matar ta taɓa yatsun ta dube ni.

"Wa yake wanki a gida?"

"Matata."

"To, hannun matarka zai warke."

Mun yi fama daga baya, ni da mai gashin ƙashin. Sauran yatsun sun dawo, amma babban yatsa da manuni har yau ba sa haɗuwa.

Ana gab da Sallah Kawu ya biyo ta shagona cikin sabuwar batakari, ɗinkin wani tela a Kanvili. Ya dafa kafaɗata.

"Ka gode mana, ɗana. Da ba mu tsaya ba, da yanzu gari na yi maka dariya."

Gaskiyarsa, ba mai yi mini dariya. Ba kuma mai kawo mini ɗinki.