Dabinon da na hana

Na haifi 'yata ta fari a gidanmu a Malbaza. Washegari surukina ya taso daga Dogarawa da dabino a aljihu, don a zuriyarsu shi ke tauna wa kowane jariri ya shafa masa a dasashi. Yana zama na hango ƙuraje masu ruwa a gefen leɓensa, irin waɗanda muke cewa zazzaɓi ne ya fito.

Na san su, ni ma suna fito min. Lokacin awon ciki na nuna wa ungozomar asibiti nawa ƙurajen. Ta ce ƙwayar cuta ce mai suna harfis, kuma in ta shiga jiki ta zauna ke nan. Abin da ke taka mata birki shi ne, duk ƙwayar jikin da ta kutsa ciki sai ta saki wani sinadari, intaferon, ya gargaɗi maƙwabtanta su rufe ƙofa, cutar ta rasa inda za ta hayayyafa. Shi ya sa a babba take tsayawa a leɓe. Jariri kuwa garkuwarsa ba ta yi ƙwari ba, cutar tana iya kai masa har ƙwaƙwalwa.

Ga shi 'yar fari ce, wadda ko kallonta bai kamata in yi a gaban mutane ba, balle in buɗe baki gaban suruki. Na dubi mijina, ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Innata ta miƙa jaririyar, tsoho ya jefa dabino a baki.

Tsoro ya kama ni, haushi ya biyo baya. Na tashi da ɗanyen jikina na karɓe ta.

"Baba, ku yi haƙuri. Ba yau ba, sai bakinku ya warke."

"Mi kinka ce? Ɗiyan gidanmu duka da bakin ga anka yi musu."

Na ce na ji, amma ban da wannan. Innata ta yi ta mintsinina, ban saki ba. Ya tofar da dabinon, ya nemi motar komawa, ranar suna ma bai zo ba.

Har yau a Dogarawa ana ce min marar kunya, kuma ban taɓa ba da haƙuri a kan wannan ba. Yarinyar bana ta shiga lakwal, makarantar boko.