Shafukan da Auta Ta Ɗinke

A ofishin da ta ƙarar da ƙuruciyarta Sakatariya ake ce mata, a gida kuwa har ta yi furfura Auta ce. Aikinta buga tafireta. Ita da bakinta take cewa mai tafireta ba karatu yake yi ba, kalma ce ke shiga ta ido ta fita ta yatsa.

Littafi ɗaya ta taɓa so, tun tana 'yar sakandare: labarin wani saurayi da ya bar gida ya shiga jirgin ruwa don ya ga duniya. Ta karanta shi har bangon ya rabu da jikinsa. Sai dai akwai wuraren da marubucin ke barin saurayin a teku, ya koma kan labarin yayarsa da ke gida, wata mai yawan mita. Don kada su ɓata mata lokaci, Auta ta sa allura da zare ta ɗinke bakin shafukan, in ta zo nan sai ta tsallake gaba ɗaya.

Yanzu ta yi ritaya, miji ya rasu, gwiwa ta ƙi. Tana zaune a ciki da falo a saman bene, ita da Yaya, wadda ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta yi wankau har ta ga ta gama makaranta. Idon Yaya ya tafi. Auta ke girki, ita ke yi mata wanka, ita ke raka ta bayi, kuma ba wadda ke ce wa wata sannu. Ɗanta da ke wani gari ya matsa ta koma wurinsa, ya ce zai samo wadda za ta kula da Yaya. Ta ce za ta yi shawara. Shawarar ta kai har ta sauko da akwati daga kan sif, a ciki ne ta tarar da littafin.

"Me kike kakkaɓewa?" in ji Yaya daga kan gado.

"Tsohon littafina ne."

"Wanda ya sa kike ƙona mini tukunya? Karanto mu ji, rediyon nan ya ishe ni."

Da la'asar ta sa tabarau ta fara. Ba ta yi nisa ba ta ji saurayin yana ba ta haushi. Ya ci, ya ture kwano, ya fita kallon teku yana cewa ba wanda ya fahimce shi. A da nan ne zuciyarta ke narkewa. Yau abin da ya zo mata shi ne, wa ya wanke kwanon?

Yaya ta miƙo hannu ta karɓi littafin tana shafawa, sai yatsanta ya ci karo da zare.

"Wannan ɗinkin naki ne, ko a kabari na san shi. Kamar tafiyar ɗan maye. Me ke ciki?"

"Surutu ne kawai."

"Farke mu ji surutun."

Ta ɗauko reza. Shafukan ciki farare tas, sun fi sauran ƙuruciya. Karatu a fili ba ya tsallakuwa, dole ta bi layi-layi: yayar tana juya ubansu a kan shimfiɗa, tana wanke zannuwansa, manemin aurenta ya gaji da jira ya kama gabansa. Mitar da Auta ta tsana ashe ba ta fi tambaya ɗaya ba, yaushe ƙanen nata zai dawo ya kama mata.

"Namiji ne ya rubuta wannan," in ji Yaya.

"Yaya aka yi kika sani?"

"Ya ce tana wanki tana kuka. Da hannun kumfa za ta share hawayen? A ƙarshe ya dawo?"

"Ya dawo. Ya kawo mata mayafi."

"Mayafi. To Allah amfana." Yaya ta gyara filo. "Ke ma in kin je ki aiko da mai kauri. Na ji saukar akwati. Ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau."

Auta ta cire tabarau ta murza ido.

Washegari ɗan ya kira.

"Mama, me kika yanke?"

"Ba zan zo ba."

"Haba Mama, gwiwarki fa? Ga bene."

"Gwiwar tawa ce. Ka gaida yaran."

Ba wani sanyi ta ji a ranta ba, gajiyar tana nan inda take. Ta gwada mai da akwatin kan sif ta kasa ɗagawa, ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa. Saura shafuka biyu a ɗinke, ta ɗauki rezar ke nan Yaya ta yi kira.

"Auta, bayi."

Ta kife littafin a kan kujera, ta dafa bango ta miƙe.