Zanzaron Dare Tara na Iya Abu

A Paikon Kore na tashi, hannun kakata Iya Abu, lokacin da gonar dawa ke farawa daga bayan dangarmu. Bayan isha'i takan tura gyaɗa cikin toka, ta rataye fitilar ƙwai a jikin rumbu, mu jikoki mu kewaye murhu. Fitilar ba don mu ake kunna ta ba, don baƙinta ne, wasu zanzaro sirara masu launin manja da ba sa fitowa sai duhu ya yi. Duk wanda ya kai musu mari, ran nan shi da gyaɗa sai kallo. Ni na fi kowa shan wannan horo.

"Maigida, kai da ko fartanya ba ka iya ɗagawa, ka zauna kana kashe mini 'yan ƙodago?" Haka take tsokanata, sannan ta gyara zama ta ce ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya yi asara.

Wai wani manomi ne tsutsa ta cinye wa dawa damina uku a jere. Yana zaune ya yi tagumi sai uwar zanzaron dare ta sauka kan fitilarsa. Ta ce tana da 'ya'ya tara, kowace da irin tsutsar da take bi. Kowace za ta sa ƙwanta a jikin tsutsar, ɗan ya ƙyanƙyashe ya cinye ta daga ciki. Ladansu ɗaya ne, ya riƙa gaishe da kowace da sunanta. Rumbu ya cika, mutumin ya yi tumbi, gaisuwa ta koma "sannunku ƙwari". Duk wadda ya manta sunanta sai ta kama gabanta, har ya wayi gari daga shi sai tsutsa.

Daga nan Iya takan ɗauki tsinke ta nuna mana su a jikin rumbu, tana kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya. Mu dai dariya muke yi, don a idonmu duk ɗaya ne.

Yau aikina ke nan a wani ɗakin bincike a Garki. Muna kafa farin ƙyalle da fitila a gonaki, mu kama zanzaron, mu soke su da allura, in zauna ina rarrabe su ta jijiyoyin fiffike. Ranar da na fara sa ɗaya ƙarƙashin na'urar ƙara girma na ga fili garau a fiffikenta. Mai-taga ce, yadda Iya ke kiranta. Ogana ya ce da yawansu ba su da suna a kowane littafi, in samo sunayen da kakata ke kiransu mu rubuta. Na zauna na yi ta lissafi: Mai-taga, 'Yar-manja, Baƙin-wando, Doguwa. Huɗu. Na kira 'yan'uwana, kowa gyaɗar kawai yake tunawa.

Bara da damina na je gida da akwatina na zanzaro. Gonar dawa ta zama fuloti da katangun bulo, ragowar kuma feshi ake yi mata. Na kafa ƙyallena, abin da ya sauka bai cika tafin hannu ba. Iya kuwa tun da ta yi shanyewar ɓarin jiki tunaninta ke zuwa yana komawa. Na durƙusa na buɗe mata akwatin, na roƙe ta sunaye biyar ɗin nan. Ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi, ni kuma biro na hannuna.

"Maigida," ta ce, "wa ya soke su?"

Na sake tambaya, ta juya fuska bango. Ban taɓa jin na kasa komai ba kamar ranar.

Da ina yaro, haushin manomin nan nake ji, ina ganin butulci ne ya ci shi. Yanzu na san ba sai da mugunta ake mantuwa ba, ya isa kana tauna gyaɗa lokacin da ake faɗa maka. Iya ta rasu kafin girbi. Akwai layi biyar a akwatina da na liƙa wa lamba maimakon suna, kuma kowace safiya nakan buɗe shi in gaishe da huɗu.