Ƙyauren Gidan Baba Tanimu

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku da idona na gani, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Bayan an gama yaƙin basasa ne, ina aikin tafinta a wani ofishi da ke Doka, a Kaduna, inda ake lura da tsofaffin gine-gine.

Akwai wani gida a wani ƙauye gaba da Katabu wanda hukuma ta sa cikin kayan tarihi. Na ga ginin ƙasa a Agadas, na ga na Omdurman, amma ban ga zauren da ya kai wannan ba: bakan gizon da ke riƙe da rufin sun haɗu a sama kamar yatsun hannu, azara ta yi baƙi don tsufa, ga zanko a kowace kusurwa. Ƙyaurensa na katako ne mai ƙusoshin ƙarfe, da ƙaramar ƙofa a jikinsa wadda ta nan ake shiga da fita kullum. Maigidan, Baba Tanimu, ya gaya mini ba a wangale babban sai ranar da za a fitar da gawar mai gida. Ta nan kakansa ya fita, ta nan ubansa, shi ma ita yake jira.

Sai shugabanmu ya ce a ciro ƙyauren aro, za a nuna wa baƙi a birni. Tsohon ya ƙi. Aka ce masa ai gidan ya zama na hukuma yanzu. Aka ciro, aka rataya masa zana a gurbin, zana fa, a zaure irin wannan!

Nuni ya ƙare, aka jingine ƙyauren a sito tsakanin fasassun kujeru. Baba Tanimu ya riƙa biyo motar kasuwa yana zuwa, ya wuni a benci, a ce masa shugaba yana taro. A Kumasi na ga yadda ake girmama kujerar kakanni, ko taɓa ta ba ka isa ba, mu kuwa namu ɓera ke fitsari a kai. Na yi magana har aka ce za a kore ni. Zuwansa na ƙarshe ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, gaya masa ba kyauta nake roƙo ba. Ƙofar fitata ce."

Wata Laraba bayan azahar ina sito tare da Bulus, mai kula da wurin, muna gardamar ƙwallo, sai muka ji ƙara irin ta tsohon katako. Ƙyauren nan, wanda sai da ƙarti suka taru suka shigo da shi, ya bar jikin bango a hankali, ya juya kamar yana kafe a gurbinsa, ya tsaya wangale. Sanyin zaure ya buso mana, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rani ake. Ya daɗe haka, kamar yadda mutane za su wuce ɗauke da wani abu mai nauyi, sannan ya koma ya jingina. Bulus ya ambaci Yesu, ni na kama salati.

Washegari na tafi ƙauyen, na tarar ana zaman makoki. Babban ɗan Baba Tanimu ya ce bayan azahar jiya suka fitar da gawar tsohon. Na tambaya ko ta zanar suka fitar da shi, sai ya dube ni ya ce su dai sun ji ƙarar ƙyaure, kowa ya ji.

Shugabanmu dariya ya yi da na gaya masa. Ranar na ajiye aikin. Gidan damina ta cinye shi, ƙyauren kuwa ban san inda ya ƙare ba.

Ban san mene ne na gani ba, ba kuma zan yi muku ƙarya in ce na sani ba. Amma in tsoho ya ce kada a taɓa masa wani abu a gidansa, ku tambaye shi dalili kafin ku kawo mota.